Jirgin da Ba Ya Ƙara Ma Yana Cikin Ruwa

In ka taɓa kwana a Tsamiya, can bakin iyakar Bagudo da Benin, ka san farin zanen nan da ke ratsa sama cikin dare. Wannan ita ce galaksinmu, gungun taurarin da muke ciki. Ƙurarta na tare mana sauran galaksi da ke bayanta.

A 2016, masu bincike da na'urar rediyo ta Parkes a Ostireliya suka sanar da galaksi 883 a bayan ƙurar, kusan kashi ɗaya cikin uku ba a taɓa ganinsu ba. Aikin ya cancanci yabo. Amma kada ka ɗauka an gama ƙidaya.

Abin da rediyon ke kamawa siginar iskar haidirojin ce. Galaksin da iskarta ta ƙare shiru za ta yi. Kamar ka tsaya bakin Kwara lokacin hazo ne: za ka ji jirgi mai inji, amma kwalekwale zai wuce ba ka sani ba.

Dubi Maffei 1, ƙatuwar galaksi maƙwabciyarmu mai ƙarancin iska. Da hasken infared, wanda ke ratsa ƙura, Paolo Maffei ya gano ta. Shi ma infared ɗin yana rikicewa inda taurarinmu suka yi cunkoso.

Don haka duk taswirar da aka nuna maka, ka tambaya: an haɗa biyun? In ba a haɗa ba, lissafin nauyin da ke jan galaksinmu zai fito da giɓi.