Matatar Ruwan Teku a Ƙarƙashin Tebur

Kifin teku a cikin ruwan da yake rayuwa yake kashi. A teku wannan ba abin damuwa ba ne, amma a tankin gilashi mai lita 200, amoniyar da ke fita daga jikinsa kan zama guba cikin 'yan kwanaki. Shi ya sa masu kiwon kifin ado na ruwan gishiri, tun daga masu sha'awar abin a Balin ta Jamus da suka yi suna da tsarinsu, suka fi ba da ƙarfi ga abin da ke ɓoye a ƙarƙashin tebur fiye da wanda baƙo ke kallo.

Abin da ke ƙasan shi ne ƙaramin tanki na biyu. Gwani yakan samo tsohon tanki, ya auna faɗinsa daga ciki, ya yanko fallayen gilashi da za su raba shi ɗaki-ɗaki, ya manne su da silikon. A nan ma akwai ilimi: silikon na banɗaki mai maganin fumfuna yana kashe halittun ruwa, don haka sai wanda ba a gauraya da komai ba. Idan zai huda babban tankin don ruwa ya gangaro, da bakin injin huda mai ƙurar daimon yake yi, yana zuba ruwa, ba ya dannawa. Kafin nan sai ya tabbatar gilashin ba irin wanda aka gasa don ƙarin ƙarfi ba ne, domin shi wannan tarwatsewa yake yi.

Ruwa na faɗowa ɗakin farko sai ya ratsa ƙyalle ko soso, tarkace su maƙale. Daga nan sai injin kumfa, wanda a ganina shi ne mafi burgewa. Dogon bututu ne da ake cusa wa ƙananan kumfar iska. Dattin da ya narke a ruwa, wanda ido ba ya gani, yana liƙewa a jikin kumfar, ta taso da shi har cikin kofin da ke sama, kamar yadda mai dafa nama ke kwashe kumfar da ta taso a tukunya. Abin da ke taruwa a kofin ruwan ƙasa-ƙasa ne mai wari. A ruwan gishiri dabarar ta fi ci, domin kumfarsa ƙanana ce kuma tana daɗewa ba ta fashe ba.

Ɗaki na gaba na duwatsu ne masu ramuka, mazaunin bakteriya. Wasu suna mai da amoniya naitirait, wasu su mai da naitirait naitiret mai sauƙin illa, ganyen ruwa da aka kunna wa fitila kuma ya sha naitiret ɗin. Kafin bakteriyar su kafu akan kai mako 4 zuwa 6 ana gwada ruwa ba kifi ko ɗaya. Mai gaggawa a nan yake asarar kuɗinsa.

Sai fallaye uku a jere, ruwa ya haye na farko, ya nutse ƙarƙashin na biyu, ya haye na uku, kumfa ta tsaya a baya, famfo ya mayar da ruwa sama garau. Gishirin kuwa giram 35 ne a kowace lita, kuma da yake ruwa ke ƙafewa ya bar gishiri, da tataccen ruwa zalla ake cika abin da ya ragu.

Gwajin ƙarshe shi ne zare filogin famfo da gangan. Idan wuta ta ɗauke, ruwan cikin bututun famfo yakan koma ƙasa, har ya zuƙo na babban tanki. Don haka gwani yakan huda ɗan rami a bututun, dab da saman ruwa, iska ta shiga ta katse zuƙar. Sai ya tsuguna ya ga inda ruwan ƙaramin tankin ya tsaya, ya ja layi da alƙalamin maka, ya san iyakar da zai riƙa cikawa.