Ɗawisun da Aka Ƙona a Mayami

A watan Afrilu na 1988, gidan adana zane-zanen Kyuba da ke birnin Mayami a Amurka ya yi gwanjon wasu zane-zane, daga cikinsu har da na masu zanen da ke zaune a Kyuba ƙarƙashin mulkin Fidel Castro. Wani ɗan gudun hijira ya sayi zanen ɗawisu na Manuel Mendive a kan dala 500, ya fita da shi titi ya cinna masa wuta, jama'a na kallo. Ba a jima ba bam ya tashi a gidan, wani kuma ya sake tashi a 1990.

Manufar shugabannin gidan ita ce musayar al'adu, wato a bar zane ya ƙetare teku tunda takunkumin 1962 ya hana kaya ƙetarewa. Doka ma ta goyi bayansu, domin da jami'an kwastan suka ƙwace zane fiye da 200 daga hannun Ramón Cernuda, ɗaya daga cikin shugabannin, a 1989, kotu ta ce a mayar masa da kayansa. Duk da haka gidan bai farfaɗo ba, an rufe shi a 1999.

Ba mu raina zafin masu adawar ba, mutane ne da suka rasa gida da dukiya, wasunsu sun sha ɗauri. To amma a ganinmu sun kauce wa aikin nazari, domin kuwa ba su tambayi abin da ke cikin zanen ba, inda mai zanen yake kwana kawai suka duba. Mendive kuwa addinin gargajiyar Yarabawa da bayi suka kai Kyuba shi ne jigon ayyukansa. Laifin babba rowa, amma mene ne laifin ɗawisu?

Su ma shugabannin ba su tsira daga gare mu ba. Duk wanda ya kira zane jakada ya ɗora masa kayan gwamnati, kuma ranar da aka yi fushi da gwamnatin, jakadan ake fara jifa.

Mu da muka ga an ƙona littattafan Hausa a Kano a 2007 mun san wannan wuta. Shawararmu ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, ita ce in za mu yi sharhin littafi, mu karanta shi daga bango zuwa bango tukuna, kafin mu tambayi ɗan gidan wane ne marubucin.