Sunan Da Brazil Ta Ajiye, Mu Muka Ɗauka

A harshen Fotugis, wanda ake yi a Fotugal, Brazil da Angola, nakasa ita ce "deficiência". Mutanen Sifaniya ma suna da kalmar. Asalinta Latin ne, ma'anarta giɓi ko rashin cikar abu. Da jin ta ka san ba ta da daɗi a kunne.

Shi ya sa Brazil ta daɗe tana lulluɓe ta. Kundin tsarin mulkinta na 1988 ya ce "portadora de deficiência", wato mai ɗauke da nakasa, sai ka ce kayan dako ne da za a sauke in an gaji. Daga baya aka koma cewa "masu buƙata ta musamman". Masu nakasar da kansu suka ce a kai kasuwa: wa ya rasa buƙata ta musamman? Tsohuwa na da ita, mai juna biyu ma haka. Dokar 2015 ta tsaya a kan "pessoa com deficiência", mutum tukuna, sannan nakasarsa.

Sifaniya kuwa sai a 2024 ta gyara sashe na 49 na kundinta na 1978. Ta cire "disminuidos", wato tauyayyu, ta sa "personas con discapacidad". Nan ma mutum ne a gaba.

A ganinmu sun yi daidai. Abin da ya dame mu, sunan da Brazil ta ajiye shi muka rungume. Buɗe rediyon Hausa yanzu, "masu buƙata ta musamman" za ka ji. Niyyar mai kyau ce, amma lafazin na ɓoye ainihin buƙatar. Makaho hanyar da ba buɗaɗɗen kwalbati yake so. Kurma tafinta yake nema a asibiti. Mai keken guragu gangara yake buƙata a ƙofa.

Dokar hana wariya ga masu nakasa, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika tuni. To, mu duba masallatanmu da makarantun Islamiyya na nan unguwa: nawa ne keke zai shiga ba sai an ciccibi mai shi ba?

Muna da Sarkin Makafi, muna da Sarkin Guragu. Mu je mu tambaye su sunan da suke so, mu kira su da shi. In mun tashi daga nan, sai a tara kuɗin siminti.