Jinjina ga Masu Goge Madubin Hangen Taurari

Duk ma'aikacin da ya wuni gaban injin fiƙe ƙarfe a Sharada ko Bompai, ya komo gida Hotoro da magariba idanunsa na raɗaɗi saboda bin ma'auni, shi ya fi cancanta ya san ƙadarin masu goge madubin na'urar hangen taurari, domin kuwa sana'arsu haƙuri ce tsantsa. Shi wannan madubi, rarake fuskarsa ake yi kamar akushi, a shafe ta da alminiyum, ta yadda hasken da ya taso daga tauraro mai nisa zai faɗa kanta ya tattaru wuri guda, sa'an nan wani ƙaramin madubi ya karkato shi zuwa idon mai dubawa. Shaihin malami Ibnul Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi tahƙiƙi a kan wannan lanƙwasa, daga bisani Isaac Newton ya ƙera na'urarsa a Ingila a 1668.

Amma fa wahalar tana ga gugar. Wata da watanni ana murza gilashi da garin dutse da ruwa, a auna da haske, a sake murzawa, alhali kuskuren da ake gudu ido ba ya ganinsa. Madubin na'urar hangen taurari ta Hubble, da aka harba sararin samaniya a 1990, ya kauce da abin da bai kai kaurin silin gashi ba, hotuna suka riƙa fitowa dishi-dishi, sai da 'yan sama jannati suka kai masa gyara a 1993.

Haƙiƙa ya kamata makarantun koyon sana'a na Kano su koya wa almajiransu wannan fanni.