Koji Kondo: Makaɗin Da Ba A San Fuskarsa Ba

Duk wanda ya taɓa buga Super Mario ya san kiɗan, amma ƙalilan suka san mai shi. Koji Kondo ne, mutumin Japan, haifaffen Nagoya a 1961, wanda ya shiga kamfanin Nintendo a 1984. Na'urar wasan da ya yi wa kiɗan Mario a 1985 muryoyi uku take fitarwa lokaci guda, sai ɗan ƙara a madadin ganga. Da wannan ƙarancin ya tsara kiɗa mai tafiya da gudun Mario da tsallensa, in lokaci ya kusa ƙarewa kuma ya ƙara sauri. A ganina aikinsa na Ocarina of Time a 1998 ya fi zurfi, ko da yake na Mario ne ya zaga duniya.

Mu mutanen Bakura da Maradun mun san irin wannan: da kotso da 'yan amshi Ɗanƙwairo ya riƙe fada. To, makaɗan finafinanmu fa? Ga fiyanon Yamaha mai ɗaruruwan sauti a gabansu, amma kiɗan zaman makoki da na kai amarya duk ɗaya. Waƙar rawa kaɗai ake yi wa wahala.