A Bar wa Jaguar E-Type Injinta

Wani yayi ya kunno kai a tsakanin masu tara tsofaffin motoci a Turai da Amurka: a samo motar da ta haura shekara hamsin, a zare mata inji da tankin mai, a cusa batir da injin lantarki. Cikin motocin da ake yi wa wannan aiki har da Jaguar E-Type, kuma a ganina ɓarna ce.

A watan Maris na 1961 aka fara nuna E-Type a baje kolin motoci na Geneva. Malcolm Sayer, wanda ya tsara sigarta, ya taɓa aiki a kamfanin ƙera jiragen sama, shi ya sa ya yi mata jiki sumul mai yanka iska. Kyanta ya kai har gidan adana kayan fasahar zamani na New York ya ajiye guda a 1996. To amma dogon hancin nan da ake yabo, inji aka yi wa shi: silinda shida a jere, lita 3.8, kafireta uku, ƙarfin doki 265. Dangin injin nan ne ya ci wa Jaguar tseren Le Mans sau biyar tsakanin 1951 da 1957. Kamfanin ya ce motar tana kai kilomita 240 a awa, ga birkin faifai a duk ƙafafu huɗu, a kan fam dubu biyu da 'yan kai, alhali Ferrari ta wancan zamani ta ninka haka. Wanda ya cire injin ya cire dalilin da ya sa motar ta fito da wannan kama.

Masu wannan yayi suna da hujjarsu, ban raina ta ba. Tsohuwar Jaguar tana zafi a cunkoso, tana ɗigar da baƙin mai, wayoyin wutarta kuwa sun sa kanikawa da yawa furfura. Shi kansa kamfanin ya gwada abin a 2017 da E-Type Zero, wadda Yarima Harry ya tuƙa ranar aurensa a 2018, kafin a jingine shirin sayar da ita. Amma hujjar rage hayaƙi da su ma suke kawowa ba ta gamsar da ni. Motar da ake fitowa da ita jefi-jefi ranar hutu, hayaƙin me za ta yi? Ko a Landan, inda ake cajin motoci masu hayaƙi, an ɗauke wa waɗanda suka shekara 40 aka yi musu rajistar motocin tarihi.

A duba ma abin da masu saye ke bi. Sukan tambayi ko lambar injin ita ce wadda motar ta baro masana'antar Coventry da ita. Sun fi son na farko-farkon 1961 masu shimfiɗaɗɗen ƙasa, duk da dogon mutum a takure yake zama a ciki, giyarsu ta ɗaya kuma sai da lallashi take shiga. Har aibin motar kuɗi ne. Samfurin tsere mara nauyi, wanda 12 kacal aka ƙera a lokacin, an sayar da guda a gwanjo a 2017 sama da dala miliyan bakwai. A 2019 ƙungiyar FIVA mai kula da motocin tarihi ta duniya ta fito fili ta ce motar da aka mayar ta lantarki ta fita daga sahun na tarihi.

E-Type dubu saba'in da 'yan kai aka ƙera kafin a daina a tsakiyar shekarun 1970, kuma kullum raguwa suke. In an tsinci gangar jiki da injinta ya riga ya mutu murus, a sa mata batir, ba ni da ja. Amma mai lafiyayyen inji, in ya gaji da warin fetur, ya sayar wa wanda zai iya da ita, ya je ya sayi sabuwar motar lantarki. Suna nan birjik a kasuwa.