Inuwar Aro: Nazari kan Rana da Sararin Sama a Hotunan Gini na Kwamfuta

Duk wanda ya bi hanyar Madawa zuwa Buza, ko ya ratsa garin Keita, ya saba ganin allunan da ake kafawa gaban filin da za a gina makaranta ko asibiti, ɗauke da hoton ginin tun ba a aza tubali ba. Kwamfuta ce ke zana waɗannan hotuna, kuma sau da yawa su ne abin da dattawa da ƙungiyoyin iyayen yara ke dubawa kafin su ce sun amince. Galibinsu suna da aibi guda wanda ido ke ji ko da baki bai faɗa ba: ginin na Adar ne, amma ranar da ke haska shi ta wata ƙasa ce.

Sanya rana a mazauninta ba abu ne mai wuya ga na'ura ba. Idan aka ba ta wurin da gari yake, da kwanan wata, da sa'a, da inda arewa take, za ta fitar da inuwa daidai. Matsalar ita ce mai zane yakan bar abin yadda ya tarar. Manhajar SketchUp, alal misali, ta daɗe tana ɗaukar duk zanen da ba a faɗa mata wurinsa ba a matsayin na garin Boulder na Amurka, inda aka ƙirƙiro ta, mai digiri 40 arewa da ikwaita. Madawa kuwa tana wajen digiri 14 ne, Keita ta ɗan ɗara. A ƙarshen Disamba da tsakar rana, bango mai mita 3 a Madawa yana jefa inuwar da ba ta kai mita biyu da rabi ba. A Boulder wannan bangon zai jefa ta kusan mita 6. Hoton da ya nuna ɗalibai zaune cikin wannan doguwar inuwa ya yi wa iyayensu alkawarin da ginin ba zai cika ba.

Akwai abin da ya fi wannan. Sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma tsakiyar Agusta, rana takan tsaya a tsakar ka a waɗannan gundumomi uku, har sanda da aka kafa ta kusa rasa inuwa. Tsakanin lokutan biyu ranar tsaka tana karkata arewa, inuwa ta koma kudu, abin da bai taɓa faruwa a Faransa ko Italiya ba. A watan Yuni, bangon arewa ne ke shan rana tun hantsi har la'asar sakaliya. Mai zanen da ya koyi cewa tagar arewa tagar sanyi ce, idan bai gyara lissafinsa ba, zai bar ta ba rumfa, a kuma lokacin da ɗalibai ke shirin jarrabawa. Ko agogo ma yana da nasa ruɗin: da yake Madawa tana kusa da digiri 6 gabas, rana ba ta kaiwa tsaka sai bayan sha biyu da minti ashirin zuwa hamsin, gwargwadon wata.

Mutanen karkara ba baƙin wannan ilimi ba ne. Ladanin da ke auna zawali da tafin ƙafa, ya kuma san la'asar ta shiga idan inuwar abu ta ƙaru da tsawonsa, ya fi wasu masu zane sanin tafiyar rana. Haka magina. Alhaji Falke Barmu, wanda ya soma masallacin Yama a 1962, aikin da ya samu lambar Aga Khan a 1986, ya yi kaurin bango da ƙananan tagogi ne da sanin ranar da zai fuskanta.

Batun sararin sama ya fi na rana sarƙaƙiya, kuma a nan laifin ba na mai zane kaɗai ba ne. Lissafin da Preetham da abokan aikinsa suka fitar a 1999, da wanda Hošek da Wilkie suka kyautata a 2012, dukansu na sararin da ba gajimare ne, suna da ma'auni guda na gurɓatar iska, wanda a na biyun ke tafiya daga 1 zuwa 10. A 2020 manhajar Blender ta shigo da tsarin Nishita mai ma'aunin ƙura daban. Ci gaba ne, amma hazon hunturu wani abu ne dabam. Idan iskar arewa maso gabas ta kwaso ƙurar Bodele ta ƙasar Cadi, rana takan zama kamar farin faifai da ido ke iya kallo, inuwa ta dushe, tudun da ke nesa ya ɓace, haske ya riƙa zuwa daga ko'ina. Wannan yanayi yana dawowa kowace shekara tsakanin Nuwamba da Maris, amma da wuya a gan shi a allo, domin ba ya sayar da aiki. Sai shuɗin sama tas, da ƴan farin gajimare irin na katin gaisuwa.

Ƙasa ma tana haska gini. Jajayen duwatsun Adar, waɗanda matan Keita suka yi ta jerawa a kan tudu tun da aka soma babban aikin farfaɗo da ƙasa a 1984, suna mayar da haske mai ɗumi a jikin bango da ƙarƙashin rumfa. Lissafin Hošek da Wilkie ya tanadi wurin sa launin ƙasa. Mai zane ne ke shimfiɗa koriyar ciyawa inda babu ita, sai ginin laka ya fito da launin toka mai sanyi. Ba wai kore haramun ne a hoton Adar ba. Layukan bedi da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 don tare iska suna nan, inuwarsu mai duhu ce, kuma ita ce irin inuwar da ya kamata a zana, ba ta itatuwan da ba su taɓa tsirowa a nan ba.

Malamin makaranta ko shugaban ƙungiya da aka miƙa wa irin wannan hoto yana da haƙƙin tambayar wace rana ce wannan, ƙarfe nawa, kuma ina arewa. Yana iya neman a sake fitar da shi da azahar ɗin Afrilu, da la'asar ɗin Yuni, da safiyar Janairu mai hazo. Aikin ƴan mintoci ne ga wanda ya riga ya zana ginin, kuma a hoton Yuni ne za a ga ko tagogin ajin suna buƙatar rumfa.